Hoton Kan Salisu Bai Nuna Kome Ba

Sunana Rakiya. A Madarumfa aka haife ni, a nan aka yi mini aure, sana'ata kuma suyar kifi da banda a bakin tabki. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ya ishe ni in rubuta wannan da hannuna, don duk matar da Allah ya ɗora wa jinyar mai farfaɗiya ta karanta, ko a karanta mata. Akwai waɗanda zan gode wa a ciki. Akwai kuma mutum ɗaya da na yi shekara goma sha ɗaya ban taɓa kama sunansa ba saboda kunya, don wan mijina ne. Yau zan kama shi: Lawali.

Mijina Salisu masunci ne, mutum mai sanyin hali har abin yakan ba ni haushi. Ubansu ya rasu yana ƙarami, wannan Lawalin ne ya riƙe shi, shi ya yi masa aure, shi ya saya masa jirgin da yake su da shi. Saboda haka ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, Salisu zai ce haka ne Yaya. Shi Lawali fataucin wake yake yi zuwa Jibiya, yana da rufin asiri, yana kuma son a san yana da shi.

Wata safiyar Talata a ƙarshen damina Salisu ya fito daga ruwa, ya ja jirgi kan gaɓa, yana cire karfasa daga raga. Ni ina ɗan nesa ina hura wuta. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Ko da na waiwaya yana kwance cikin laka, jiki ya sandare, can kuma ya shiga jijjiga, kumfa na fita ta gefen baki. Masunta sun fi goma a wurin, mutanen da yake cin tuwo da su kwano ɗaya, amma kafin in iso duk sun watse.

"Rakiya, ja da baya! Kar ki taɓa miyan nan, ana ɗauka!"

Wata daga cikin masu suya ta jefo mini cokali daga nesa, wai in cusa masa a baki. Ban cusa ba, ba don na san illarsa ba, don hankalina na kansa ne kawai. Na rungume kansa a cinyata har abin ya sake shi. Da ya buɗe ido ya dube ni kamar baƙuwa, ya ce, "Mi ya faru? Ina kihin?"

Satin farko kowa ya zama likita. Wannan ta ce a yi masa hayaƙin barkono, wancan ya ce a kai shi ziyara kushewar waliyyai, wata gwaggo tasu ta zo tun daga Gabi da ƙullin sassaƙe mai wari. Abin da suka haɗu a kai shi ne a ware masa moɗa da kwano. A masallaci mutane suka riƙa barin wuri tsakaninsu da shi a sahu. Ya dawo gida ya zauna, ni kuwa na ga idonsa. A kwana na tara ya sake faɗuwa a tsakar gida, kansa ya kusa murhu. Ban jira shawarar kowa ba, na ɗora shi a kabu-kabu sai gidan likita na garinmu.

Majon da muka tarar, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne mai furfura, Allah ya saka masa da alheri duniya da lahira. Ya tambaye ni yadda abin ke farawa, da tsawon lokacin da yake ɗauka, da ko yana cizon harshe. Ya ce farfaɗiya ce, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo, kuma ba a ɗauka. Da ya ga ban gamsu ba, sai ya zuba ruwa a kofi ya ba Salisu, ya karɓi ragowar ya shanye a gabanmu. Ya ba mu wata ƴar ƙwaya fara, ɗaya kowace rana bayan sallar isha'i, kuɗinta na wata bai kai na kifin da nake soyawa a yini ɗaya ba.

"Kar a tsallake ko rana guda," in ji shi. "Kuma ba shi ba ruwa, ba shi ba wuta, ba shi ba hawan icce. Tunda da girmanshi abin ya same shi, zan rubuta maku takarda ku tahi Maradi a ɗauki hoton kai, sikana, a duba ko akwai wani abu da ya tsiro ciki."

Sati huɗu yana shan ƙwayar bai faɗi ko sau ɗaya ba. Barci ne kawai ya yi masa yawa. Ya zauna a zaure yana gyaran ragar wasu, ni kuma ina sarin kifi a hannun mutane in soya, riba ba ta taka kara ta karya ba, amma muna ci. Kuɗin sikana ne ya gagara, jikka sittin aka ce. Na sayar da akuyata da ɗanta, kuɗin bai kai rabi ba.

A nan Lawali ya shigo, kuma sai daga baya na gane abin da ya kawo shi. An sa ranar auren ƴarsa Zulai bayan girbi, da ɗan wasu masu sayar da hatsi a Maradi. Labari ya kai kunnen surukan. Suka aiko wata tsohuwa wai ta gaishe da maras lafiya. Na kawo mata ruwa a sabon kofi ta ce tana azumi, alhali goro na bakinta. Ta ƙare wa ƴaƴana biyu kallo, ta tambaye ni ko a dangi akwai wanda ya taɓa yin irin wannan. Washegari Lawali ya zo, ya tsaya a ƙofar ɗaki bai zauna ba.

"Ni zan cika kuɗin hoton," in ji shi. "Amma kar in sake jin sunan ciwon nan cikin gidanga. Majo ba dokotoro ba ne. Sai abin da na'ura ta hwaɗi."

Na durƙusa na yi masa godiya har da hawaye. Duk lokacin da na tuna wannan durƙuson sai in ji kamar in ciji kaina.

Sau uku muka je Maradi. Zuwan farko muka yi layi tun hantsi har azahar, sai gardi mai tsaron ƙofa ya leƙo ya ce na'ura ta lalace, a dawo wani sati. Babu wanda ya ce mana sannu, kuɗin mota kuma ya tafi a banza. Zuwa na biyu aka nuna mana wani asibitin kuɗi. Aka kwantar da Salisu a kan wani gado siriri, gadon ya shige da kansa cikin wani farin zobe mai gurnani. Ya fito yana dariya, ya ce shi dai bai ji kome ba sai sanyi. Aka ba mu randebu, wato ranar dawowa, bayan kwana biyu, a zo a karɓi sakamako a nuna wa dokotoro.

Ranar Lawali ya ce a bar Salisu a gida, takarda kawai za a karɓo, ba sai an wahalar da shi ba. Ni na nace na bi shi. Aka ba mu wata babbar ambulop mai ruwan ƙasa, muka zauna a benci a ƙofar dokotoro. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Na Salisu, mutum guda ya shigo."

Na miƙe. Ni ce ke ba shi ƙwayar, ni na ga faɗuwarsa duka biyu, ni na san ranar da ya fara. Lawali ya dube ni sau ɗaya.

"Zamna. Ina wanshi ina nan, ke za ki shiga?"

Na zauna. A garinmu haka ake yi: babba ne ke shiga, shi ke ji, shi ke fitowa ya faɗa wa na ƙasa abin da ya ga dama. Mace ba ta tsallake wan mijinta ta shiga gaban wani namiji ta yi magana. An koya mini wannan tun kafin in iya ɗaura zane, kuma har ranar ban taɓa ganin aibunsa ba.

Bai fi minti goma sha biyar ba ya fito, yana ninke wata ƙaramar farar takarda yana turawa a aljihun gaba. Na gani, ban tambaya ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Dokotoro ya ce kanshi lahiya lau. Ba a ga komi ba."

Na yi ta hamdala a cikin mota har muka iso. Bayan la'asar Lawali ya tsaya a ƙofar masallaci ya zaro hoton daga ambulop, wata baƙar leda mai kauri, ya ɗaga ta ga rana. Hotuna ne ƙanana a jere, kamar an yayyanka kabewa an shanya. Ta bi hannu hannu, kowa ya ɗaga ya gyaɗa kai, har da waɗanda ko sunansu ba su iya karantawa.

"To ga shi, ku duba da idonku," yake cewa. "Na'urar Nasara ta shiga har cikin ƙwalwa ba ta ga ciwo ba. Iskan tabki ne ya shahe shi, kuma an yi mashi rubutu. Wanda ya ce farfaɗiya ce, ya zo ya nuna mani ita nan."

A ranar ya aika wa surukansa. Da safe ya zo gidanmu ya ce in kawo sauran ƙwayar.

"Yaya, majo ya ce kar a tsallake," na ce, kaina a ƙasa.

"Majo ya hi dokotoron Maradi ne? Mai lahiya ba ya shan magani. In anka ga kina zuwa amsar ƙwaya kowane wata, mi mutane za su ce?"

Na dubi Salisu, ya sunkuyar da kai. Na shiga ɗaki na ɗauko, guda goma sha tara suka rage, na ƙirga su. Da hannuna na miƙa, shi kuma ya zagaya ya zuba a salga. Gidan majo bai kai tafiyar minti goma daga gidanmu ba, amma ban je ba. Gaskiya ita ce ni ma ina son maganar ta zama gaskiya. Ranar Juma'a har masa na toya na yi sadakar godiya.

Kwana biyar da daina shan ƙwayar, na tashi da asuba na tarar tabarmarsa a jiƙe, gefen harshensa da jini. Na ce zan je wurin majo. Salisu ya riƙe mini hannu.

"Rakiya, ki rufa mani asiri. Jiya Ɗan Tani ya sha ruwa da moɗata. A masallaci kafaɗa da kafaɗa munka tsaya. Kar ki maida ni inda na hito."

Ɗan Tani abokin sunsa ne tun suna yara. Na fasa zuwa. Na gaya wa matar Lawali kawai, ta ce ai dama iska ba ya fita rana ɗaya, ta ba ni garin turare.

A kwana na goma sha ɗaya da daina ƙwayar, saura kwana uku biki, dangin ango za su kawo kaya. Lawali ya aiko ya ce yana son kifi mai yawa na baƙi, kuma Salisu da kansa zai kamo, a gan shi a kan ruwa bakin mutane ya mutu. Na tsaya a gaɓa ina kallon jirginsa har ya kai wajen tsakiya. Na ga ya miƙe zai jefa raga. Ban ga ragar ta buɗe ba, sai jirgin kawai na gani yana lilo babu kowa a ciki.

Ɗan Tani ne ya faɗa ruwa. Yana cikin waɗanda suka gudu ranar farko, amma ranar nan ya nutsa sau uku har ya kamo shi ta wuyan riga, ya matse masa ciki, ya sa bakinsa a nasa ya hura. Na yafe masa gudun farko, kuma ina bin sa da addu'a har in mutu. Majo na ganinmu bai tambaye ni kome ba, ya yi masa allura, ya kira motar marasa lafiya. Sai da aka haɗa kuɗin mai kafin ta tashi, masuntan nan ne suka turo hannu a aljihu.

Kwana tara muka yi a asibiti a Maradi. Ruwa ya shiga huhunsa, zazzaɓi ya rufe shi, jijjigar kuma ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya ba ya farfaɗowa a tsakani. Aka sa masa robar iska a hanci da ƙarin ruwa a hannu. Kowace safiya sabuwar ordonans, wato takardar sayen magani, ni kuma in bi layin farmasi, wani maganin babu sai a cikin gari. Ɗan kunnena da tukwanen aurena duk a nan suka tafi. Wata ma'aikaciya ta taɓa daka mini tsawa don na tambaye ta sunan allura, ta ce ko na sani me zan yi da shi. Wata kuma, ƴar siririya mai tabarau, ita ta koya mini yadda zan juya shi ta gefe in share masa baki, takan dawo duba shi ko ba aikinta ba ne. Mu ƴan jinya a ƙarƙashin dogon yaro muke shimfiɗa. Wata mata daga garin Sarkin Yamma da ke jinyar uwarta ta riƙa raba furarta biyu da ni, har yau ban san sunanta na yanka ba, Uwale kawai nake ce mata. Lawali ya zo sau biyu. Kowane zuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ajiye kuɗi, ya ce ƙaddara ce.

A rana ta uku likitoci suka zo zagaye. Babbansu ya ga ambulop ɗin hoton, wadda Lawali ya bar mana na taho da ita, a ƙarƙashin matashi, ya zaro takardar ciki, ya tsaya. Ashe shi ne dokotoron da Lawali ya shiga wurinsa, da safe a nan yake aiki.

"Wannan rubutuna ne," in ji shi. "Ke ce matarshi? Wa ya tsaida mashi magani?"

"An ce kun ce lahiya lau yake, ba a ga komi ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya sa aka kawo mini kujera, abin da ba a taɓa yi mini ba a wurin. Maganarsa na riƙe ta kamar karatun allo.

"Hoton bai nuna komi ba, gaskiya ne. Ma'anarshi babu ƙari, babu jini, babu tabo, ba sai an yi mashi aiki ba. Wannan abin murna ne. Amma farfaɗiya kamar walƙiya take. In kin ɗauki hoton sama da rana tsaka ba ki ga walƙiya ba, za ki ce ba a walƙiya? Da yawan masu ciwon nan hotonsu haka yake, tas. Ba da hoto muke gane ta ba, da bakin wanda ya ga faɗuwar muke ganewa. Na tambayi mutumin ina wanda ya gani, ya ce babu kowa sai shi."

Alhali a ranar ina zaune a benci a bayan ƙofar, taku uku tsakanina da su.

"Sau biyu na gaya mashi, da Hausa," ya ci gaba. "Na ce a ci gaba da ƙwayar ko da shekaru ne, don in anka yanke ta kai tsaye ciwon ya kan dawo da ƙarhin da ya hi na da. Na ce kar ya kusanci ruwa. Na rubuta mashi ordonans ta wata uku na ba shi a hannu."

Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya sauka a ƙirjina ya zauna, kuma har yanzu yana nan.

A rana ta shida Salisu ya farka sosai, har ya sha koko cokali huɗu. Ya tambayi yara, ya tambayi jirginsa, ya tambaya ko an ɗaura auren Zulai. Na ce an ɗaga. Ya ce, "Kash, na ɓata ma Yaya biki. Ki ba shi haƙuri, ya yi wahala da ni." Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye. Ban so ya tafi da ita ba. Washegari zazzaɓin ya dawo, numfashi ya riƙa yi masa wuya. A rana ta tara bayan azahar, hannunsa a cikin nawa, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Salisu, ya sa ruwan nan ya zame masa kankarar zunubi.

A zaman makoki ina daga cikin ɗaki ina jin maza a waje. "Ikon Allah, mutumin da na'ura ma ta ce lahiya lau yake." "Ai kwana in ya ƙare babu magani." Muryar Lawali ce ke amsa musu. Na yarda kwana na hannun Allah, ban taɓa musu ba. Amma wanda ya tura yaro rijiya ba ya cewa kwana ne. Bayan sadakar arba'in aka yi bikin Zulai, ina cikin takaba ina jin kiɗa daga ɗakina. Ba ni da haushin yarinyar, ba ta san kome ba. Lawali ya aiko da buhun shinkafa na mayar. Da ya aiko na biyu na karɓa, don ƴaƴan ƙanensa ne za su ci, haƙƙinsu ne ba kyauta ba.

Ke da kike jinya, ga abin da na saya da tsada. In an ce hoton kai bai nuna kome ba, ki gode wa Allah, ki ci gaba da ba da magani har sai wanda ya rubuta shi ya ce a daina da bakinsa, a gabanki. In ya faɗi, ki juya shi ta gefe, ki kawar da wuta da ƙarfe, kada ki sa masa kome a baki, miyansa kuma ba ya cutar da kowa. Ni na shafe shi da hannuna ba sau ɗaya ba, ga ni lafiyata ƙalau. In kuma aka ce mutum ɗaya ya shigo, ke ce mutum ɗayan, ko da wane ne zaune kusa da ke. A ce miki mara kunya. Ni an yabe ni da kunya a garin nan, ga abin da na samu.

Sati biyu da fitata takaba, Lawali ya biya kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya shiga bin gidaje yana neman gafara. Gidana ya zo da liman, ya san abin da ya sa. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, maƙwabta mata suka leƙo ta katanga. Liman ya yi addu'a, ya ce ɗan'uwanmu zai tafi ɗakin Allah, yana roƙon duk wanda ya saɓa wa, da sani ko da kuskure, ya yafe masa.

"Rakiya," in ji Lawali, idonsa a kan tabarma, "zama tare ya gaji saɓani. In akwai abin da na yi maki, ki yahe mani."

"Wane abu?" na ce.

Liman ya ce ba a tone-tone a wurin neman gafara.

"Allah gafarta Malam, ni ban iya yahe abin da ba a ambata ba. Ya hwaɗi gabanka abin da dokotoro ya gaya mashi ranar da ya hana ni shiga. Ya hwaɗi inda ya kai takardar maganin da ya sa aljihu. In ya hwaɗa, na yahe mashi yanzu kahin ya tashi."

Allah ne shaidata, da ya faɗa da na yafe, ko da zuciyata ba ta so. Na ba shi lokaci. Na ga gumi na bin gefen hularsa, na ga leɓensa ya motsa. Ya dubi liman, ya dubi matan da ke kan katanga. Sai ya ce, "Ni dai abin da na sani, hoto bai nuna komi ba. Sauran ƙaddara ce."

"To tashi ka tahi, Lawali."

Matan suka yi salati jin na kama sunansa. Liman ya ce, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah, Allah na son mai yahiya."

"Ina jin tsoronshi, Malam. Shi ya sa na bar mashi shari'ar. Can babu babba da zai ce mani zamna, shi ya shiga a madadina. Ban yahe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, ni da marayun nan biyu."

Suka tashi. Ranar da motar maniyyata ta ɗaga zuwa Yamai don hawa jirgi, rabin gari ya fita rakiya, ni ina bakin tabki ina suya. A ranar na sayi littafin rubutu na fara wannan, kuma na riga na yi magana da mai shagon da ke buga takardu a bakin tasha.

Tun da ya tafi, bayan kowace salla ina roƙon Allah ya tsare shi daga zafin rana da turereniyar mutane, kada ya mutu a can a ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ina so ya dawo Madarumfa da ƙafafunsa, da sabon sunansa na Alhaji, ya tarar babu gidan da ba a karanta wannan ba.